KWANA DA GIWA: Jawabi a kan Yadda Mutanen Kanada da Sauran Baƙi Ke Kallon Zaɓen Shugaban Amurka



An roƙe ni in yi muku bayani a kan wani al'amari wanda in ka dube shi sama-sama sai ka ce babu ruwanmu da shi, watau zaɓen Shugaban Ƙasar Amurka, da irin kallon da waɗanda ba Amurkawa ba suke yi masa. Na sani a cikinku akwai mai cewa a zuci, to malam, mu da muke fama da namu zaɓe a ƙofar gida, ina mu ina zancen Amurka? Ku ɗan yi haƙuri in ba ku dalili. Tun shekarar 1979 irin rigar mulkinsu muke sanye da ita. Kwamitin da marigayi Janar Murtala Muhammed ya kafa a 1975, wanda Cif Rotimi Williams ya shugabanta, shi ne ya ba da shawara a bar tsarin Firayim Minista da muka gada daga Ingila, a koma ga na shugaba mai cikakken iko, da Majalisar Dattawa da ta Wakilai, da gwamnoni zaɓaɓɓu. To, wanda ya ari riga, in yana son ya san inda take yagewa, sai ya tambayi maƙwabcin mai ita. Amurka kuwa ba ta da maƙwabcin da ya san ciki da bai ɗinta kamar mutumin Kanada.

Iyakar da ke tsakanin ƙasashen nan biyu ta kusan kilomita 8,900, babu wata iyaka a duniya da ta kai ta tsawo. Mutanen Kanada sun ɗan haura miliyan 40, Amurkawa kuwa sun kai miliyan 340. Ƙasar Kanada faɗi gare ta ƙwarai, amma arewacinta sanyi ne da ƙanƙara, saboda haka mafi yawan jama'arta a gindin iyakar Amurka suke zaune. Harshe ɗaya suke yi, in ban da lardin Kebek da ke Faransanci. Talabijin ɗin Amurka a ɗakunansu yake. A shekarun da suka gabaci 2025, kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ke fitarwa waje Amurka ake kai su: ɗanyen mai, katako, motoci, ƙarafa, takin zamani. Ku ɗauki mutumin garin Windsor. Kogi kaɗai ya raba shi da birnin Detroit na jihar Michigan. In lokacin zaɓe ya zo yana ganin tallan 'yan takara dare da rana, ya san sunayensu da na matansu, aikinsa na ƙera motoci yana rataye a kan abin da wanda ya ci zai yi, amma ba shi da ƙuri'a ko ɗaya. Shari'arsa ake yi, an hana shi shiga kotu.

Firayim Ministan Kanada, Pierre Trudeau, shi ne ya faɗi zancen yadda ya kamata. A watan Maris na 1969 ya je Washington, ya ce wa 'yan jarida zama kusa da Amurka kamar kwana da giwa ne: komai lafiyar halinta, in ta motsa ko ta yi minshari sai ka ji a jikinka. Har gobe mutanen Kanada ba su sami kwatancen da ya fi wannan ba.

Tsoron giwar nan kuwa tsoho ne. A 1775, tun Amurka ba ta gama ƙwatar 'yancinta ba, sojojinta suka kai wa Kebek hari, aka kore su. A 1812 suka sāke dawowa, aka yi yaƙi har zuwa ƙarshen 1814, sojojin Ingila suka shiga Washington suka sa wa fadar shugaba wuta. Da lardunan Kanada suka haɗu suka zama ƙasa ɗaya a 1867, shekara biyu ke nan da ƙare yaƙin basasar Amurka, kuma abin da suka gani a maƙwabta yana cikin dalilan da suka sa suka riƙe tsarin Ingila, suka ƙi na shugaba. Amma labarin da na fi son ku riƙe shi ne na 1911. Firayim Minista Wilfrid Laurier, wanda ya shekara 15 a kan mulki, ya ƙulla yarjejeniyar sassauta kuɗin fito da gwamnatin Shugaba Taft. Ana cikin muhawara a majalisar Amurka sai wani babba a cikinsu, Champ Clark, ya miƙe ya ce yana goyon bayan yarjejeniyar domin yana fatan ya ga ranar da tutar Amurka za ta yi kaɗawa a kan ƙasar Kanada baki ɗaya. Maganar nan ta tsallaka iyaka kamar wutar daji. 'Yan hamayya suka ɗauke ta suka shiga gari da ita, aka yi zaɓe a watan Satumba, Laurier ya faɗi, yarjejeniya ta mutu. Ku ajiye wannan labari a gefe, za mu dawo gare shi.

Jama'a, abin da ya sa mutumin Kanada ba ya yi wa zaɓen Amurka kallon wasan kwaikwayo shi ne ya ga yadda halin mutum ɗaya a Washington ke juya masa gida. Firayim Minista John Diefenbaker da Shugaba Kennedy jininsu bai taɓa haɗuwa ba. Kennedy yana son Kanada ta karɓi makaman nukiliya a kan rokokin da aka girke a ƙasarta, Diefenbaker yana jan ƙafa. A watan Janairu na 1963 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta fitar da sanarwa tana ƙaryata shi a bainar jama'a. Ba a yi mako guda ba gwamnatinsa ta faɗi a majalisa, a watan Afrilu kuma Lester Pearson ya kayar da shi, alhali mai yi wa Kennedy binciken ra'ayin jama'a, Lou Harris, yana taimakon jam'iyyar Pearson ɗin. Diefenbaker ya mutu yana riƙe da cewa Kennedy ne ya tuɓe shi. Shi ma Pearson bai sha ba. A watan Afrilu na 1965 ya yi jawabi a wata jami'a a Philadelphia, ya ba da shawara cikin ladabi a ɗan dakatar da ruwan bama-bamai a kan Biyetnam ta Arewa. Kashegari Shugaba Johnson ya keɓe shi a Camp David ya yi ta surfa masa faɗa, har waɗanda suka ga abin suka ce ya ci kwalar rigarsa. Dattijo ne fa, mai lambar Nobel ta zaman lafiya, shugaban gwamnatin ƙasa mai 'yanci. Nixon kuwa, a cikin faya-fayan da ya riƙa ɗaukar hirarsa a asirce, an ji ya zagi Pierre Trudeau zagin 'yan tasha. Da labari ya kai wa Trudeau sai ya ce mutanen da suka fi Nixon daraja sun kira shi da abin da ya fi wannan muni.

Ba kullum faɗa ake yi ba. Brian Mulroney da Ronald Reagan aminai ne, su suka ƙulla yarjejeniyar ciniki ba fito, wadda a kanta aka yi babban zaɓen Kanada na 1988, daga bisani Meksiko ta shigo a 1994. Jean Chrétien ya ƙi bin Shugaba Bush yaƙin Iraƙi a 2003, jama'arsa suka yaba masa. Amma in kuna son misalin da ya fi fitowa fili, ga bututun mai da ake kira Keystone XL, wanda aka shirya zai ɗauki ganga 830,000 a kullum daga lardin Alberta zuwa Amurka. Obama ya hana shi a 2015. Trump ya ba da izini a 2017. Gwamnatin Alberta ta zuba kuɗin jama'arta a ciki, aka fara aiki. Ran 20 ga Janairu, 2021, ranar da aka rantsar da Biden, kafin rana ta faɗi ya soke izinin. Fiye da dala miliyan dubu ɗaya ta lardin ta bi ruwa, ma'aikata suka koma gida. Bututu ɗaya, shugabanni uku, kuma babu ɗan Alberta ko ɗaya da aka tambaya a rumfar zaɓe.

To, yaya suke ganin yadda ake gudanar da zaɓen kansa? Abu na farko da ke ba su mamaki shi ne tsawonsa. A Kanada an rushe majalisa ran 23 ga Maris, 2025, aka jefa ƙuri'a ran 28 ga Afrilu, ko mako shida bai cika ba. Da aka yi yaƙin neman zaɓe na kwana 78 a 2015, mutane suka yi ta ƙorafi wai ya yi yawa. A Amurka kuwa Donald Trump ya bayyana takararsa a watan Nuwamba na 2022, domin zaɓen da za a yi a Nuwamba na 2024. Shekara biyu cur mutum yana yawon neman ƙuri'a! Sa'an nan ga kuɗi. A Kanada tun 2007 doka ta hana kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ba jam'iyya ko kwabo, mutum ɗaya kuma abin da zai iya ba jam'iyya a shekara bai kai dala dubu biyu ba, har wa yau akwai iyakar abin da jam'iyya za ta kashe. A Amurka Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2010 wanda ya buɗe wa kamfanoni da attajirai ƙofa su kashe iyakar abin da suke so wajen tallata wanda suke so. Zaɓen tarayya na 2020, na shugaba da na majalisu, ya ci kimanin dala miliyan dubu 14.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne, ba yawan ƙuri'un ƙasa ke ba mutum kujera ba. Kowace jiha tana da wakilan zaɓe gwargwadon kujerunta a majalisu biyu. California tana da 54, Wyoming 3, duka-duka 538, wanda ya sami 270 shi ne shugaba. In ka ci jiha ko da ƙuri'a ɗaya ce, wakilanta duka naka ne, in ban da jihohi biyu, Maine da Nebraska. Saboda haka a 2000 Al Gore ya fi George Bush da ƙuri'a wajen rabin miliyan, amma Bush ya hau, domin ya ci Florida da ƙuri'a 537, bayan an yi mako biyar ana ƙidaya ana zuwa kotu, har Kotun Ƙoli ta tsayar da ƙidayar. Mu nan mun riga su sanin wannan zulumi, tun da a 1979 sai da Kotun Ƙoli ta fassara mana biyu bisa uku na jihohi 19 kafin a rantsar da Alhaji Shehu Shagari. A 2016 kuma Hillary Clinton ta fi Trump da ƙuri'a kusan miliyan uku, Trump ya hau. Wannan tsari shi ya sa a 2024 'yan takara suka tare a jihohi bakwai kawai, sauran kuwa an riga an san inda suka dosa.

Akwai kuma maganar wa ke riƙe da akwati. Kanada tana da hukumar zaɓe guda ɗaya tun 1920, wadda ba ta ƙarƙashin minista, majalisa take ba rahoto. Takarda ake dangwalawa da alƙalami, a ƙirga da hannu a gaban wakilan jam'iyyu, a daren nan a san sakamako. A Amurka kowace jiha da dokarta, wani lokaci kowace gunduma da irin injinta, kuma a jihohi da yawa babban jami'in zaɓe ɗan jam'iyya ne da aka zaɓa. A rikicin Florida ɗin nan, matar da ke da alhakin tabbatar da sakamako tana cikin shugabannin kamfen ɗin Bush a jihar, gwamnan jihar kuma ƙanen Bush ne uwa ɗaya uba ɗaya. Da a wata ƙasar Afirka aka yi haka, ku da kanku kun san irin rahoton da 'yan kallon zaɓe za su rubuta. Sa'an nan ga abin da ya faru ran 6 ga Janairu, 2021, lokacin da magoya bayan Trump suka fasa ginin majalisa domin su hana tabbatar da nasarar Biden. Duniya duka ta gani a talabijin.

Saboda waɗannan abubuwa, mutumin Kanada yakan kalli maƙwabcinsa da ɗan ɗaga hanci. Zai ce maka shi yana zuwa asibiti ba a tambaye shi kuɗi ba, bindiga ba ta yi yawa a garinsa ba, siyasarsa ba ta da hayaniya. Duk sa'ad da aka yi binciken ra'ayi aka tambaye su wa za su zaɓa da suna da ƙuri'a, mafi yawansu ɗan jam'iyyar Dimokurat suke ambata, ko da yake magoya bayan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau sun fi rabuwa a kan wannan. A 2008, da Obama ya fito, wani bincike ya nuna mutum 15 cikin ɗari sun yarda su sarayar da ƙuri'arsu ta gida in za a bar su su jefa ta Amurka. Daren da Trump ya ci zaɓe a 2016 shafin intanet na ma'aikatar shige da fice ta Kanada sai da ya tsaya cik saboda yawan masu leƙawa, abin da ya tuna wa dattawa zamanin Biyetnam, lokacin da dubban samarin Amurka suka tsallaka domin gudun shiga soja. Kamala Harris ma, da ta yi takara a 2024, a birnin Montreal ta yi makarantar sakandare, suka riƙa jin kamar tasu ce.

Amma fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni dai ban yarda mutanen Kanada sun cancanci duk wannan alfahari ba. Su da suke yi wa Amurka dariya wai mai ƙarancin ƙuri'a ya hau mulki, a zaɓensu na 2019 da na 2021 jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ce ta fi yawan ƙuri'u, amma Justin Trudeau na jam'iyyar Libaral ya fi yawan kujeru, shi ya yi mulki. Majalisar Dattawansu mai kujeru 105 babu zaɓaɓɓe ko ɗaya a ciki, Firayim Minista ke nuna wanda za a naɗa, ya zauna har ya cika shekara 75. Firayim Ministan da ke da rinjaye kuwa ya fi Shugaban Amurka iko a gida nesa ba kusa ba, domin ɗan majalisar da ya saɓa masa a ƙuri'a ana iya korarsa daga jam'iyya, alhali a Washington sanata yana iya riƙe wa shugaban jam'iyyarsa wuya wata da watanni, babu abin da za a yi masa. Wannan ƙarfi na majalisa shi ne ƙashin bayan tsarin shugaba. Mu da muka ari tsarin sai kowa ya tambayi kansa ko mun ɗauko shi tare da ƙashin bayan, ko kuwa a can muka baro shi.

Sauran ƙasashe fa? Kowa da inda yake masa ƙaiƙayi. Mutumin Meksiko, wanda Amurka ta ƙwace kusan rabin ƙasarsa a 1848, kunnensa yana kan maganar katanga da korar baƙi, domin 'yan'uwansa miliyoyi suna can suna aiko da kuɗin cefane. Bajamushe tunaninsa tsaro ne da ƙawancen NATO. A watan Yuli na 2008 mutum kusan 200,000 suka taru a Berlin domin su saurari Obama, alhali ɗan takara ne kawai, ba a ko zaɓe shi ba tukuna. Cibiyar bincike ta Pew ta auna amincewar da ake yi wa Shugaban Amurka a ƙarshen mulkin Obama da farkon na Trump a 2017: a Jamus ta faɗo daga kashi 86 cikin ɗari zuwa 11, a Kanada daga 83 zuwa 22. Amma kada ku ɗauka duniya duka bakinta ɗaya. A irin wannan bincike Isra'ila da Filifin da Kenya da Nijeriya suna cikin inda Trump ya fi samun masu yarda da shi.

Turawan Ingila kuwa sun taɓa shiga sharo ba shanu. A 2004 jaridar Guardian ta London ta ga abin ya dame ta, ta ce wa masu karanta ta su rubuta wasiƙu ga masu zaɓe na wata gunduma a jihar Ohio mai suna Clark, su ba su shawara. Dubban mutane suka karɓi adireshi, yawanci suna roƙon a kayar da Bush. Amurkawa suka fusata, suka mayar da amsa da zagi, suna tuna wa Ingila cewa tun 1776 aka raba gari. Gundumar da Al Gore ya ci da ƙyar a 2000, a wannan karo Bush ta zaɓa. Dokar Amurka ma ta hana baƙo ba ɗan takara kuɗi. Ka iya kallo, ka iya addu'a, iyakarka ke nan.

Mu a Afirka mun fi kowa saurin sa rai. Da Obama ya ci a 2008, Shugaba Mwai Kibaki ya ba da hutun kwana ɗaya a Kenya, aka yi ta rawa a ƙauyen Kogelo, garin mahaifinsa. Nan ma na san gidajen da aka raba goro. Shekara takwas ya yi, kuma Amurka ya yi wa aiki, don ita ta zaɓe shi. Bush kuwa, wanda aka fi ƙi saboda Iraƙi, shi ne ya kafa shirin magungunan ƙanjamau a 2003, wanda ya ceci rayuka miliyoyi a nahiyar nan. Jiragen yaƙi 12 samfurin Tucano da Nijeriya ta nema, gwamnatin Obama ta riƙe cinikin, ta Trump ta amince a 2017, aka kawo su a 2021. Trump ɗin nan kuma shi ya sa Cadi cikin ƙasashen da aka hana shiga Amurka a 2017, ya taƙaita wa 'yan Nijeriya bizar zama a 2020, Biden ya ɗage a 2021. Da ya dawo a 2025 ya rufe hukumar agaji ta USAID, asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira suka ji a jikinsu, ya sāke sa Cadi da Sudan cikin jerin hani, Cadi ita ma ta dakatar da ba Amurkawa biza. Dattawan da ke nan za su tuna wasiƙar da Shugaba Ford ya aiko wa shugabannin Afirka a kan Angola, da amsar da Murtala ya ba shi a Addis Ababa a watan Janairu na 1976. Za su kuma tuna cewa shekara biyu bayan haka, da mulki ya sauya hannu a Washington, Jimmy Carter da kansa ya sauka a Legas a 1978.

Yanzu mu koma ga labarin 1911 da na ce ku ajiye. Trump ya ci zaɓen 2024 da wakilai 312, Harris 226, a wannan karo har da rinjayen ƙuri'un ƙasa. Tun kafin a rantsar da shi ya fara cewa gara Kanada ta zama jiha ta 51, yana kiran Justin Trudeau gwamna. Da farko an ɗauka ba'a ce. Sai ya maimaita, ya sāke maimaitawa, ya ce iyakar nan layi ne kawai da wani ya zana, a watan Maris na 2025 kuma ya ɗora kuɗin fito na kashi 25 cikin ɗari a kan kayan Kanada masu yawa. Mutanen da aka sani da sanyin hali suka hasala. A filayen wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara aka riƙa yi wa taken Amurka ihu. Larduna suka kwashe barasar Amurka daga kantunansu. Mata a kasuwa suna juya gwangwani su ga inda aka yi shi kafin su saya. Masu zuwa Florida gudun sanyi da yawa suka fasa.

Ku dubi abin da ya yi wa siyasarsu. A watan Janairu na 2025 jam'iyyar Libaral ta shekara tara a kan mulki, jama'a sun gaji da ita saboda tsadar gidaje da ta abinci, Trudeau ya ce zai sauka, 'yan hamayya ƙarƙashin Pierre Poilievre suna gaba da fiye da kashi 20 cikin ɗari a binciken ra'ayi. Kowa ya gama lissafi, nasara tasu ce. Libaral ta ɗauko Mark Carney, tsohon gwamnan babban bankin Kanada da na Ingila, mutumin da bai taɓa tsayawa takarar ko kansila ba. Maganarsa ɗaya ce daga farkon kamfen har ƙarshe: wa zai iya tsayawa gaban Trump? Shi kuwa Poilievre, salon maganarsa ya yi kama da na Trump a kunnen mutane da yawa, duk ƙoƙarin da ya yi na nesanta kansa bai ishe shi ba. Ran 28 ga Afrilu Libaral ta sami kujeru 169 cikin 343, 'yan hamayya 144, Poilievre ya rasa kujerarsa ta kusa da Ottawa wadda yake riƙe da ita tun 2004, sai da wani ɗan jam'iyyarsa ya sauka ya bar masa tasa a Alberta kana ya koma majalisa. A 1911 maganar haɗiye Kanada ta kayar da gwamnati mai ci, bayan shekara 114 maganar nan dai ta tayar da wadda aka riga aka haƙa wa kabari.

Kwana takwas da zaɓen, ran 6 ga Mayu, Carney ya je fadar White House. A gaban 'yan jarida Trump ya sāke tayar da zancen jiha ta 51. Carney ya ce masa, a matsayinsa na wanda ya san cinikin gidaje ai ya san akwai wuraren da ba a sayarwa, kuma shi ya zagaya ya gana da masu Kanada a lokacin kamfen, sun ce ba ta sayarwa ba ce, ba kuma za ta taɓa zama ba. Trump ya yi murmushi ya ce kada a yanke ƙauna. A ƙarshen wannan wata kuma Sarki Charles ya zo Ottawa da kansa ya buɗe majalisa, abin da rabon a gani tun da mahaifiyarsa ta yi a 1977, kowa kuwa ya san wanda ake nuna wa.

Shugaban taro, na ga an ɗaga mini hannu, lokaci ya ƙure. Mai tambaya yana iya miƙewa.